Daga Fadar Shayi Zuwa Rijiyar Fulatari: Inda Samarin Diffa Ke Neman Wurin Zama

A ƙarshen watan Disamba na 2022 garin Diffa ya cika ya batse. Karo na 43 ke nan na gasar kokowar gargajiya ta ƙasa, wadda aka soma a Tawa a 1975, kuma a wannan karon takobin da ake ba zakaran gasar ya yi tattaki har ƙuryar gabas, fiye da kilomita 1,300 daga Yamai. 'Yan kokowa 80 suka sauka, goma-goma daga kowace jiha, da makaɗansu da maroƙansu da masu yi musu tofi. Kadri Abdu na Dosso, wanda kowa ya fi sani da Isaka Isaka, shi ya yi gaba da takobi.

Ga mai lura, abin kallon bai tsaya a tsakiyar fili ba. Yaron da ke da shekara goma lokacin da yaƙin Boko Haram ya ƙetaro kogin Komadugu, a ranar ya zama saurayi ɗan sha bakwai, kuma a iya wayonsa an koya masa cewa taron jama'a wurin gudu ne. Sai ga shi cikin dubban mutane, kafaɗa da kafaɗa, yana ihu har muryarsa ta dushe, ba wanda ya tambaye shi ko shi ɗan gari ne ko ɗan gudun hijira.

To amma gasar takobi 'yan kwanaki ce. Baƙi sun koma, an kwance rumfuna, samari suka koma inda suke zama a sauran kwanakin shekara. Wurin zaman nan shi ne abin dubawa.

Ranar 6 ga Fabrairu 2015 mayaƙan Boko Haram suka far wa Bosso da Diffa. Cikin 'yan kwanaki gwamnati ta kafa dokar ta-ɓaci a jihar. Aka hana hawa babur, domin a kansa maharan ke zuwa. Aka hana cinikin kifi da na tattasai, bisa zargin 'yan bindiga na karɓar haraji a kansu. Aka sa wa takin zamani da man fetur takunkumi, aka rufe wasu kasuwanni, aka kafa dokar hana fita da dare. Bayan harin tsibirin Karamga na watan Afrilu, sai aka umarci mazauna tsibiran tafkin Cadi su tashi, suka fito da ƙafa cikin zafin bazara.

Kowane mataki yana da hujjarsa a kan taswirar soja. Sai dai idan aka bi su ɗaya bayan ɗaya, a kan mutum guda suka sauka. Wane ne ɗan kabu-kabu? Wane ne ke tada injin ban-ruwa da asuba a gonar tattasai, ya cika buhu, ya loda wa motocin da ke tafiya Najeriya? Wane ne ke jan taru, ya banda kifi, ya ɗaure kwalaye? Saurayi ne. Ƙungiyar Oxfam ta ƙiyasta a 2017 cewa kafin rikicin, busasshen tattasai da banda suna shigo da sefa biliyan 28 a shekara. An sassauta haramcin tattasai a ƙarshen 2017, na kifi kuma a 2019, amma gonakin bakin kogi ba su koma yadda suke ba, saboda garkuwa da mutane don kuɗin fansa ta maye gurbin manyan hare-hare a wurare da dama.

A ƙasar Manga, kamar a ƙasar Hausa, wanda bai da abin hannu ba ya aure, wanda bai yi aure ba kuwa yaro ne ko da gemunsa ya kai ƙirji. Ba a sa shi a shawara, ba a ba shi tabarma a wurin ɗaurin aure, aike kawai ake yi masa. Ga kuma zargi. Saurayi Babarbare daga ƙauyen bakin kogi, ko Buduma daga tafki, ya zama abin tuhuma a kowane shingen bincike. Fiye da mutum dubu aka kama aka kai gidajen kason Kollo da Kutukale, can kusa da Yamai, kuma da aka soma shari'a a 2017 an sallami da yawa don babu hujja a kansu. Sun dawo gida da tabon da ba kotun da ke iya gogewa. Wani bincike da hukumar UNDP ta fitar a 2017, wanda ya ji ta bakin ɗaruruwan waɗanda suka shiga ƙungiyoyin ta'adda a Afirka da ƙafarsu, ya nuna kashi 71 cikin ɗari sun ce abin da ya ƙarasa tunzura su wani aikin hukuma ne, kamar kashe ɗan'uwa ko aboki, ko kama shi.

A gefen hanyar ƙasa mai lamba 1, daga Shetimari zuwa Asaga, Ngagam, Kinjandi da Garin Wanzam, bukkokin kara da leda suka jeru. A shekarun da abin ya fi tsanani, kusan mutum 250,000 ne ke gudun hijira a jihar da ƙidayar 2012 ta ba mutum ƙasa da 600,000. Makarantu sama da 150 suka rufe a 2015 kaɗai. Masu agaji sun kawo gero da barguna da ruwa. Babu wanda ya zo da amsar abin da ɗan shekara ashirin zai yi da kansa tsakanin azahar da isha'i.

Samarin sun riga sun tanadi tasu amsar tun kafin yaƙi, wato fada.

Duk wanda ya taɓa ratsa wani gari a Nijar da yamma ya gan ta: benci ko tabarma a jikin katanga, buta a kan gawayi, karta ko ludo, waya na kiɗa, suna rubuce a bango da fenti. Fadojin samari sun bazu ne a shekarun 1990, lokacin da aikin gwamnati ya ƙafe, gidajen rediyo masu zaman kansu suka buɗe, 'yan makaranta suka gama karatu suka tarar babu kujerar da ke jiransu. Masaniyar nan Adeline Masquelier ta rubuta littafi sukutum a kansu a 2019. Dattawa na kiran abin zaman kashe wando, kuma ba a ce sun yi ƙarya gaba ɗaya ba. Amma a zauna a duba yadda fada ke tafiya. Akwai shugaba, akwai ma'aji, akwai mai dafa shayi, wanda ake yaba hannunsa ko a kushe shi a fili. Akwai dokar da suka yi wa kansu, da tara ga wanda ya karya. Shayi zagaye uku ne, kuma ba a gaggauta shi, don haka ko wanda bai da abin cewa sai hira ta kawo kansa. Idan matar ɗan fada ta haihu, ko mahaifinsa ya rasu, 'yan fada ne ke kafa rumfa su jera kujeru. Wasu fadojin kan ware ranar share kwata ko gyaran maƙabarta, wasu su yi gadin unguwa da dare.

Yaron da a gida ba a tambayarsa ra'ayi, a nan shi ne ma'aji, kuɗin mutum goma sha biyar na hannunsa kuma an yarda da shi. Ba a biyan kuɗin shiga. Wanda ya samu ya sayi sukari, wanda bai samu ba ya kawo bakinsa. Ɗan gudun hijirar da ya fito daga Damasak ko Malam Fatori, idan ya sami benci a wata fada ta Diffa, ya sami waɗanda za su ce sun san shi ranar da jami'in tsaro ya tsare shi. A garin da ke ƙarƙashin dokar ta-ɓaci wannan shaida ta fi katin rabon abinci tsada.

Ƙofar da alheri ke shiga, ita ce ta sharri. A Damagaram da Diffa akwai gungun da ake kira fale, samarin ɗaga ƙarfe da shan ƙwaya da faɗan unguwa, irin waɗanda Aisha Macky ta nuna a fim ɗinta na 2021 a kan unguwar Kara-Kara ta Damagaram. Tun a 2014 BBC ta yi hira da wasu 'yan daba a Diffa da suka ce Boko Haram na ba su kuɗi don su yi mata aiki. Ƙungiyar Mercy Corps kuma, da ta zanta da tsoffin 'yan ƙungiyar 47 a arewa maso gabashin Najeriya a 2016, ta tarar kusan kowa aboki ne ko ɗan'uwa ko abokin ciniki ya ja shi, wasu kuma da rancen jari aka kama su. Masu ɗaukar mayaƙa sun fahimci abin da saurayi ke nema tun kafin masu furoje, wato masu ayyukan agaji, su fahimta: babur, mata, da wanda zai kira shi da suna cikin girmamawa.

Da masu furoje suka farga, sai suka shigo da ƙarfinsu. Hukumar ƙarfafa zaman lafiya ta ƙasa, HACP, ta zama ƙofar da mafi yawan ayyukan ke bi. Shirin BANA na matasan Diffa, wanda hukumar AFD ta Faransa ta ɗauki nauyi, ƙungiyoyin CARE da Plan International da Aide et Action suka gudanar, ya haɗa wasanni da al'adu da aikin ƙwadago da koyon sana'a. Search for Common Ground ta yi aiki da wasan kwaikwayo da rediyo da zaman tattaunawa. Hukumar OIM mai kula da ƙaura ta ɗauki nauyin ƙananan ayyukan haɗa kan jama'a. UNICEF da ƙungiyar COOPI ta Italiya suka kafa rumfunan wasa a sansanin Sayam da matsugunan gefen kwalta, inda yara ke zane da waƙa da tsalle, ma'aikata kuma na lura da wanda ya yi shiru fiye da kima. An yi gasar ƙwallo tsakanin 'yan gari da 'yan gudun hijira, an yi kokowa, an yi wasan kwaikwayon da ake tsayar da shi a tsakiya a tambayi 'yan kallo yadda ya kamata a ƙare.

Wasu daga cikin waɗannan sun yi amfani ƙwarai, musamman waɗanda suka bar wa samari ragamar shiri. Yaron da aka ba usur aka ce shi ne alƙalin wasa, ko aka ba lasifika aka ce ya gabatar da baƙi a gaban mai gari, ya tashi daga wurin da wata tafiya daban. Amma akwai cutar da ta biyo kuɗin agaji, kuma duk wanda ya yi aiki a yankin ya san ta: kuɗin zama. Aka saba wa mutane cewa taro yana zuwa da riga mai tambari, da lemun kwalba, da ambulan. Nan da nan aka sami ƙwararrun mahalarta, fuskoki guda a kowane zaure, masu jin Faransanci, masu lambar wayar ma'aikacin furoje. Wanda aka yi abin dominsa, wato yaron da ba ya iya rubuta sunansa a takardar halarta, yana waje yana leƙe ta taga. Har ta kai aikin gayya da a da ake yi don Allah da annabi, yanzu sai an tambaya nawa za a bayar.

Shin ƙwallo na gyara zukata kuwa? An gwada, kuma amsar ta fi abin da ake rubutawa a rahoton furoje tsauri. A arewacin Iraƙi, bayan an kori 'yan ISIS, wata mai bincike, Salma Mousa, ta shirya gasar ƙwallo inda aka sa wasu Musulmi cikin kulob-kulob na Kiristoci. Sakamakon da ta wallafa a 2020 ya nuna Kiristocin da suka buga da Musulmi sun fi yarda su ci gaba da atisaye da su, har su zaɓe su a matsayin gwanaye. Amma hakan bai sa sun fi sakin jiki da Musulmin da ba su sani ba a wajen fili. A Kaduna ma, Alexandra Scacco da Shana Warren sun haɗa samari Musulmi da Kirista a ajin koyon kwamfuta na mako 16. Ra'ayinsu game da juna bai sauya ba, sai dai waɗanda suka yi karatu a gauraye sun fi waɗanda aka ware adalci idan aka zo rabon kuɗi da ɗan ɗaya addinin. A Monrobiya ta Laberiya kuwa, inda aka tara samarin titi kusan dubu, waɗanda suka yi mako takwas suna zaman gyaran hali a rukuni, sannan aka ba su dala 200, su ne aka tarar sun rage sata da sayar da ƙwaya ko bayan shekara goma.

Abin da waɗannan ke nunawa a fili yake. Wasa guda da aka yi don ɗaukar hoto ba ya barin komai. Zaman da ke maimaituwa, da mutane guda, mako bayan mako, yana sa mutum ya yarda da waɗanda ya zauna da su, kuma ya yarda da kansa a cikinsu. Ba ya wuce nan sosai, kuma ba ya cika aljihu. Fadar shayi ta riga ta mallaki wannan maimaituwar, furoje kuwa yana da wa'adin wata talatin da shida.

Inda al'amarin ya fi ɗaci shi ne batun tubabbu. A Disamba 2016, Mohamed Bazoum, yana ministan cikin gida, ya yi shelar afuwa ga 'yan Boko Haram da suka ajiye makami. Aka tara su a wata cibiya a Gudumariya, kusan kilomita 200 yamma da Diffa, aka koya musu ɗinki da walda da kafinta da gyaran inji, malamai suka yi musu wa'azi. A Disamba 2019 rukunin farko, mutum sama da ɗari, suka yi rantsuwa da Alƙur'ani aka sallame su da kayan sana'a. Sai maganar da ake ta yi a ƙauyuka ta fito: wanda ya ƙona gari ya dawo da keken ɗinki, wanda aka ƙona wa gari yana bukkar leda. Ba a iya amsa wannan ƙorafi da wa'azi. Abin da ya ɗan rage masa kaifi shi ne ayyukan da ba su ware kowa ba, filin da tubabbe da wanda aka sallama daga kurkuku da maraya duk za su shiga ta ƙofa guda ba tare da an rubuta wa kowa lakabinsa ba. Duk da haka akwai tubabbun da ba su iya komawa garuruwansu ba, suka zauna inda ba a san tarihinsu ba.

Duk wannan labarin gari ne da bakin kwalta. A bar hanyar a Maine Sorowa, mahaifar marigayi shugaba Tandja Mamadu, a nausa arewa cikin rairayi, sai a shiga wata duniya. Fulatari ɗaya ce daga cikin ƙananan hukumomi 12 na jihar Diffa, ƙasar makiyaya ce, mafi yawansu Fulani, ƙasar tuddan yashi da kwaruruka da rijiyoyi masu zurfi. A nan saurayi ba ya fama da rashin abin yi. Tun kafin rana ta fito yana bayan shanu, ko yana bakin rijiya yana kora jaki ko raƙumi ya ja guga, garke na jiran layi. Keɓewarsa iri dabam ce: makaranta ta yi masa nisa ko ba ta bin ƙaurar iyayensa, takardar haihuwa babu, a kasuwa ana yi masa kallon baƙauye, a shingen bincike ana yi masa kallon ɗan fashi.

Yaƙin ya same shi ta bayan gida. Da aka rufe bakin tafki da kwarin Komadugu, inda dabbobi ke cin rani, sai garkuna suka taru a arewa, ciyawa da ruwa suka yi kaɗan, tsohuwar gaba ta motsa. Yankin ya san zubar da jini tun tawayen shekarun 1990, kuma ya ga tashin hankalin 2006 lokacin da gwamnati ta ce za ta kori Larabawan Mahamid, sannan ta janye. Ranar 23 ga Disamba 2018, da shiga tsakanin cibiyar sulhu ta HD mai mazauni a Janeba, wakilan Fulani da na Larabawan Mahamid na Fulatari da Ngel Beli da Gudumariya da Maine Sorowa suka sa hannu a kan yarjejeniyar zaman lafiya. Manya ne suka sa hannu. Amma wanda zai cika alkawarin ko ya karya shi ba ya cikin zauren. Yana bakin rijiya da sanda a kafaɗa, shekararsa goma sha takwas, kuma wani sa'ansa daga ɗaya ɓangaren ya shigo da raƙuma alhali ba layinsa ba ne.

Ga wannan yaro, abin da mutanen ofis ke kira kyauta yana da tsada. Wunin da zai yi a taron gari, wa zai shayar da dabbobi? Gasar ƙwallon da aka sa ƙarfe huɗu na yamma a filin magajin gari an shirya ta ne don ɗan gari. Abin da ke iya kama makiyayi sai ya bi kalandarsa: ranar kasuwa, lokacin da ya riga ya shigo sayar da akuya da cajin waya, damina, lokacin da ruwa ya wadata, dangi suka haɗu, ake suna da aure, dare, bayan dabbobi sun kwanta.

Kuma ba da hannu wofi yake jira ba. Yana da tseren raƙuma da na dawaki, yana da gasar nuna garke, inda ake yaba wanda shanunsa suka fi ƙiba da jin kira. Yana da waƙa da rawa. Yana da sharo, ko da yake malamai da hukuma ba kowa ke son sa ba, kuma kowa ya san dalili. Yaran ƙauye suna da langa, manya suna da dara, wadda ba ta buƙatar komai sai rami a ƙasa da 'yan itatuwa. Sannan akwai taubasantaka tsakanin Fulani da Barebari, wadda ke ba Bafulatani damar ya tsaya a tsakiyar kasuwa ya kira Babarbare bawansa, a yi dariya a watse. UNESCO ta sa wasan taubasai na Nijar cikin jerin al'adun duniya a 2014. A jihar da waɗannan ƙabilu biyu ke shan ruwan rijiya guda, wannan gado ne da ya fi ƙarfin duk wata takardar horo da aka fassaro daga Turai. Iyakarsa ita ce bai shafi kowa ba: wanda al'ada ba ta ɗaura masa wannan zumunci ba, kamar baƙon da ya iso yankin a 'yan shekarun baya, ba ya shiga inuwarsa, kuma sau da yawa da shi ake rigimar.

Rediyo na cike wani giɓin. Shirye-shiryen Studio Kalangou, da aka soma a 2016, suna fita da Hausa da Fulatanci da Zabarmanci da Buzanci da Faransanci ta gidajen rediyon karkara, ga kuma tashoshin da ke magana da Barbarci daga Maiduguri da Njamena. Makiyayin da ya bugo waya aka sa muryarsa a iska, ruga guda ke ji, kuma za a yi mako ana maganar.

'Yan mata fa? Fada ta maza ce, filin ƙwallo na maza ne, kokowa ma haka. Dandalin dare, inda 'yan mata ke waƙa da gaɗa, dokar hana fita da tsoro sun kashe shi a garuruwa da yawa, musamman bayan 2 ga Yuli 2017, daren da aka kashe mutum 9 a Ngalewa aka tafi da mata da yara 39. Uban da ya ji wannan labari ba ya buƙatar wani ya ce masa ya kulle 'yarsa a gida, ko ya aurar da ita da wuri. A ƙasar da kashi 76 cikin ɗari na mata ke aure kafin shekara 18, wannan ƙarin nauyi ne a kan kaya. Abin da ya fi shiga a nan shi ne zaman da iyaye suka riga suka amince da shi. Mata Masu Dubara, tsarin asusun da CARE ta soma a Maraɗi a 1991 bisa tsohuwar al'adar adashe, ya bazu har wajen Nijar saboda dalili guda: mata ne ke riƙe da akwatin da makullansa. Yarinyar da ta soma zuwa rakiyar uwarta, wata rana ita ce ke ƙirga kuɗin a gaban mata talatin, da ƙarfi, kowa na saurare.

Nijar ta taɓa gwada tattara samari da hannun hukuma. A zamanin Seyni Kunce aka farfaɗo da samariya, da sarkin samari a kowace unguwa, aka gina ajujuwa da aikin gayya, aka yi bukukuwan matasa na ƙasa da ke zagaya jihohi. Waɗanda suka yi zamanin suna tuna shi da daɗi, kuma gidajen matasa da al'adu da ke manyan garuruwa suna cikin abin da ya bari. Sai dai samariya ta zama idon gwamnati da bakinta, shi ya sa da iskar dimokuraɗiyya ta kaɗa a farkon shekarun 1990 ta bi mulkin da ya raine ta. Fada ta tsiro a gurbinta, ba da izinin kowa ba.

Yanzu ruwan kuɗin waje ya ja baya. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 Faransa da Tarayyar Turai suka dakatar da tallafi mai yawa, a farkon 2025 Amurka ta rufe asusun USAID, hukumomin Yamai kuma suka sallami wasu ƙungiyoyin agaji, har da Red Cross ta duniya. Rigunan masu tambari sun koɗe. Diffa ta gaji wasu gine-gine da tituna daga bikin Diffa N'Glaa na 18 ga Disamba 2021, amma gini ba ya kiran yaro da kansa. Lokacin da Komadugu ta cika ta yi ambaliya a 2019 da 2022, samarin unguwannin bakin kogi ne suka kwana suna cika buhunan yashi, kuma ba a yi musu takardar halarta ba.

Abin da ya rage a hannun hukumomin gari, waɗanda tun 2024 naɗaɗɗun kantomomi ne ke riƙe da su bayan rusa majalisun da aka zaɓa, ƙanana ne kuma ba sa buƙatar mai ba da agaji. Kada a yanka filin ƙwallon unguwa a sayar da shi fuloti-fuloti. A sa fitila mai aiki da hasken rana a dandali. A buɗe gidan matasa ga wanda bai da takalmi, ba sai mai hayar zaure ba. A kira shugabannin fadoji idan ana shawarar tsaro, maimakon a tuna da su ranar kame kawai. A Fulatari da Ngel Beli, a sa samarin da ke jan guga cikin kwamitin da ke tsara layin rijiya. Mafi wuya a cikinsu shi ne izinin taron dare, domin wannan ba kantoma ke ba da shi ba, sai gwamna da kwamandan soja sun yarda, su kuma suna duba abin da ke faruwa a ƙetaren kogi kafin su sa hannu.